Ƙofar da ta Rufe Liman a Ɗaki

Alhaji Arzika mai albasa ya ɓata mini suna a kasuwar Madawa, da rana tsaka, yana zaune bisa buhunan albasarsa mutane na saurare. Ya ce Nomau kafinta bai iya aiki ba. Ya ce tarko na ɗana masa a gida na sa masa suna ƙofa. Ƙarya ce, kuma lokacin da yake faɗinta ya san ƙarya ce. Maganar nan ta raba ni da aiki a garin da na koyi sana'a, shi ya sa na fara da ita. Amma ba za ku gane girman abin ba sai kun san yadda ake yin ƙofa, ku yaran yanzu da kuke zaton aikin kafinta bai wuce a danna inji a buga ƙusa ba.

Ni mutumin Allakaye ne. Na yi lakkwal, wato boko, kaɗan, daidai in karanta metir in rubuta sunana, sai babana ya ce ya isa haka, mushe, malamin lakkwal, ba ya raba hatsi. Ya kawo ni Madawa wajen Baba Anza, wani tsohon kafinta da ya taɓa yi wa Nasara aiki a Tawa. Rumfarsa tana bakin babbar hanya. Shekarata ta farko ban taɓa katako mai kyau ba. Aikina miƙe tsofaffin ƙusoshi bisa dutse, da wasa zarto haƙori bayan haƙori, da share ƙaiƙayin katako in kai wa matarsa ta hura wuta. Kayan aikinmu duka akwati ɗaya ke ɗauke da su: zarto, guduma, gizago, turnabis na murɗa ƙusa, rabo na aske katako, da abin huda da ake juyawa da hannu ana danne shi da ƙirji. Sai wata igiya mai dutse ɗaure a bakinta. In na ce masa, "Baba, katakon ga ya tsaya daidai," sai ya ce, "Ban tambayi idonka ba. Saki igiya mu gani." In an saki kuwa, sai ka ga idonka ya ci amanarka da faɗin yatsa.

Aikin da ya fara buɗe mini kai a Garhanga munka yi shi, gidan wani dattijo da ɗansa ya dawo ci rani ya ce ya gaji da ƙyauren kara. Baba Anza ya ba ni metir ya ce in auna bakin ƙofa. Na auna sama na faɗa masa. Ya ce auna tsakiya. Ta fi. Ya ce auna ƙasa. Ta ƙara fi, har akuya za ta iya wucewa ta ragowar. Ashe magini da kamu ya auna, shi ya fara ginin daga ƙasa da dogon hannunsa, ɗansa gajere ya ƙarasa sama. Dattijon ya ce, "To mi na laifi? Kamu biyu na ƙasa, kamu biyu na sama." Baba Anza ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Tun ran nan na riƙe: ɗakin ƙasa ba ya zuwa wajen katako, katako ke zuwa wajen ɗaki. Sai ka fara kafa kadar, wato katakon da ke zagaye bakin ƙofa, ka tsayar da shi da igiya, ka cike gefe da laka, ka shafe shi da baƙin man mota saboda gara. Sannan ka yi maganar ƙyaure.

Masu ba mu aiki iri uku ne. Ma'aikatan biro, wato ofis, masu son tebur da kujera irin wanda sunka gani a Yamai, su kuma ce a gama jiya. Ƴan ci rani, masu son ƙofar da za a gani daga nesa a san sun dawo da abin hannu, su dai a yi mata shuɗin fenti ko da katakon akwatin sabulu ne. Sai ƴan kasuwa, waɗanda in maƙwabci ya sa ƙofa mai falle biyu, su sai uku. Da Baba Anza ya rasu, akwatinsa da mutanen nan duka ni na gada.

Wata safiya Alhaji Arzika ya iso rumfata, an biyo shi da wani dogon ƙunshi. Lokacin shi ne babba cikin masu kai albasa Abijan. Ya sa anka kwance. Ga wani dogon ƙarfe mai kwari a ciki kamar indararo, ga ƴan tayoyi ƙanana, ga sharniya, ƙarfen da ke haɗa falle da falle, ga bis, ƙusa mai murɗi, cikin leda.

"Nomau, ka san mi na wanga?"

"Ƙarfe na, Alhaji."

"Ƙofa ta! Gidan mai masaukina na gan ta. Ba a tura ta, ba a jawo ta. Ninkewa takai kamar mace na ninke zane, ta koma gefe ta lafe. Na kai ma kafinta biyu, sun ce aikin aljannu na."

"A ina katakon?"

"Da na zo da katako mi zan yi da kai?"

Na ce ya bar mini kayan. Ban taɓa ganin irinta ba, ba kuwa wanda zan tambaya. Na yanka kwali gida huɗu na ɗinke da zare, na yi ta ninkewa ina buɗewa, har maƙwabcina mai faci ya fara tambaya ko lafiya nake. A nan na gano kanta. Falle huɗu ne, biyu dama biyu hagu. Na gefe yana juyawa bisa ƙarfe sama da ƙasa, na tsakiya yana rataye da taya, tayar na gudu cikin kwarin ƙarfen nan da ake ɗaurewa a sama. Ƙofar da kunka sani da gefenta take tsaye. Wannan da kanta take tafiya. In ƙarfen sama ya miƙe, jariri ma ya buɗe ta. In ya lanƙwasa ko da kaɗan, raƙumi ba ya motsa ta.

Inda Alhaji ke son ta, ɗakin baƙi ne mai kallon tsakar gida. Ya riga ya sa magini ya fasa bango, ya yi baki mai faɗi, mota ma ta shiga, anka gitta azarar giginya a sama, rufin ƙasa na zaune a kanta. Na auna wuri uku kamar yadda anka koya mini. Na sayo jan katako na shanya shi a inuwa sai da ya daina nauyin ruwa, domin ɗanyen katako in ya bushe a jikin ƙofa murɗewa yake. Na kafa kadar, na bar sararin yatsa biyu tsakaninsa da azara. Na ɗaure ƙarfen sama da bis, ina sawa ina jan zare a ƙarƙashinsa. Kowane falle na aske shi da rabo har sai da na daina jin tudu da tafin hannu. Wurin sharniya kuwa, in ka sa ta ta kalli ciki inda ya kamata ta kalli waje, ƙofa za ta ninke ta inda ba ka so ta bugi mai gida a goshi. Wannan ma a kwali na gano shi, ba a goshin kowa ba.

Ranar da na rataya falle na ƙarshe, na shafa wa tayoyi kitse, na kira Alhaji. Ya sa yatsa ɗaya ya tura. Ƙofa ta tafi sumul, ta ninke, ta lafe a gefe. Ya ce, "La ilaha illallahu!" Ya rufe. Ya buɗe. Ya rufe. Matarsa Hajiya ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Sai da ya gaji na ce:

"Alhaji, magana ɗaya. Ƙofar ga rataye take ƙarƙashin azara, azara kuwa doguwa ta. Kada a ƙara laka bisa rufin ga daidai kanta. In za a yi yaɓe, a kankare tsohon tukun."

Kun san yadda muke yi a ƙasar nan. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, a kwaɓa laka a hau rufi a shafa sabuwa bisa tsohuwa. Ba mai kankarewa. Mai hali ma shi ya fi labtawa, don a ce ɗakin wane ba ya yoyo.

Alhaji ya ce, "Na jiya. Kai da ƙofarka, ni da rufina." Hankalinsa na wajen ƙofa, yana ta turawa.

Shekara biyu da sunka biyo su ne mafi daɗi a sana'ata. Duk baƙon da ya sauka gidan Alhaji, kafin a ba shi ruwa sai an nuna masa ƙofa. Mata na zuwa gaisuwar da ba dalili don su taɓa ta. Wani Buzu da ya kawo raguna ya tsaya ya dube ta, ya ce wannan in da za a ɗora ta bisa raƙumi da ya saya. Anka kira ni aiki garin Buza, anka kira ni garin Keita. Ba kowa ke zuwa Abijan ba, sai ni da wani maƙeri munka riƙa lanƙwasa ƙarfen tsohon gado ya zama kwari, tayoyi kuwa daga cibiyar ƙafar keke. Ba su kai na Alhaji laushi ba, suna ɗan kuka in ana turawa, amma masu su na cewa kukan ma ado ne.

Duk bazara kuwa ina ganin jakuna na shiga gidan Alhaji da laka. Na tsayar da shi a hanya na tuna masa. Ya ce, "Kai Nomau, ƙofa na tafiya ko ba ta tafiya?" Na ce tana tafiya. Ya ce, "To bar ni in tsare dukiyata daga ruwa." A shekara ta uku gayya ya kira, anka dafa tuwo da nama, samari sunka yini suna labta wa rufi laka, kowa na son a ga ƙoƙarinsa.

Da damina ta yi tsakiya anka yi wa Alhaji haihuwa, ɗiya mace. Ran suna ina Buza wajen aiki, amma abin da ya faru ba wanda bai ba ni labarinsa ba. An yi kwanaki ana ruwa, rufi ya sha ya yi nauyi. Da safe maza sunka taru a tsakar gida, sai ga hadari da iska. Manya sunka ruga ɗakin baƙi, har da Liman Hamidu, mutum mai jiki, wanda in ya zauna bisa tabarma ba a ganin tabarmar. Feshi na shigowa, anka ce a rufe ƙofa. Ta yi tauri. Maimakon wani ya ce ku tsaya, ƙarti biyu sunka sa kafaɗa sunka danna ta ta rufe.

Ruwa ya ɗauke. A buɗe, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Na ciki na ja, na waje na turawa. Rago na ɗaure yana jira, mahauci na jira, mata na jiran su ji suna, goro kuwa duk yana ciki tare da manya. Tagar ɗakin ba ta wuce faifai ba. Ƙarshe Liman ya taka akwati ya sa bakinsa a taga ya yi addu'a, ya faɗi sunan yarinya, sanƙira ya karɓa daga waje ya shelanta. Har ta yi aure ba a kiranta sai Ƴar Taga. Da rana ta fara zafi manya sunka fara haki a ciki, Hajiya ta ce wa mata kowa ta ɗauko taɓarya. Katakon da na aske da tafin hannuna, haka sunka dake shi kamar sussukar gero. Da an sami mutum ɗaya ya ɗauko gungume ya tokare azara ya ɗaga ta kaɗan, da ƙofa ta buɗe da yatsa. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi sama.

Ni ma da na ji na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Dariyar ta tsaya ran kasuwa. Abokan Alhaji sunka sa shi gaba da tsiya, ana ce masa mai kurkukun malamai. Shi kuwa don ya sauke kunya sai ya ɗora mini. A nan ya faɗi maganar tarko. Kafin la'asar ta kai tasha, daga tasha direbobi sunka raba ta Buza da Keita kyauta. Wani ma'aikacin biro da na riga na auna masa ya aiko ya ce ya fasa, matarsa na tsoro. Wani a Buza ya cire tasa da ke aiki lafiya lau ya mayar da labule. Abin bai tsaya ga ƙofa mai ninkewa ba, har benci anka daina kawo mini. In na wuce sai in ji an ce, "Ga Mai Tarko nan." Na je gidan Alhaji in nuna masa azara, anka ce ya yi tafiya, alhali ga takalmansa a bakin zaure. Ya kira mai walda ya sa masa ƙofar ƙarfe.

Ana cikin wannan ne, damina ta gaba ruwa ya ƙi. Shekarar nan ba ni kaɗai ba, kowa ya ji a jikinsa. Wa zai sayi ƙofa rumbu ba komai? Mutanen ƙauye cire nasu suke suna kawowa kasuwa. Na ga ƙofar Garhanga da munka yi da Baba Anza jingine a bakin hanya ana cinikinta da tiyar gero, kwanon awo guda, na gane ta da yadda ƙasanta ya fi samanta faɗi. Na ɗauki gizago na tafi wajen Keita, inda ake aikin jera duwatsu a kan tudu don tare ruwa, ana biyan mutane da abinci. Ni aikina ƙotar diga da ta shebur. Mata ne sunka fi yawa a aikin, kuma ku ji da kyau, ba wanda ya kai su karya ƙota. Wata tsohuwa kullum sai ta kawo mini tata gida biyu ta ce, "Ɗan nan, wannan karon ka yi mini ta maza." Da ƙotar nan na ciyar da gidana. Ko a can ma sai da wani direban Madawa ya hango ni ya ɗaga murya, "A'a, Mai Tarko, nan ka ɓuya?"

Da ruwa ya dawo na koma rumfata, ina gyaran amalanke da kujerun mata. Wata rana da azahar, lokacin da hanya ba kowa, sai ga Alhaji Arzika shi kaɗai. Bai zauna ba. Ya tsaya gefe yana duban hanya, ya rage murya.

"Nomau, ƙofar ƙarfen nan ta matse. Mai walda ya yanke kanta, ta sake matsewa, ya sake yankewa. Yanzu ba ta rufuwa. Taho ka duba mini. Amma tsakaninmu."

Na ce, "Ina nan tafe bayan la'asar."

Na je na yi la'asar bayan Liman Hamidu. Da anka sallame na matsa na gaishe shi.

"Allah gafarta Malam, ka tuna ɗakin da ka raɗa suna ta taga?"

"Wa ka mancewa, Nomau? Tun rannan in na shiga ɗakin mutane bakin ƙofa nike zama."

"In ka ba ni lokaci kaɗan, zan nuna maka wanda ya rufe ka."

Liman mutum ne mai son labari, abin da ya gani da la'asar kafin isha'i gari ya ji. Ya ɗauki sandarsa. Mutanen masallaci da sunka ga Liman ya bi kafinta, su ma sunka biyo. Alhaji ya fito tarbar mutum ɗaya ya ga sahu guda. Ba halin kora, ga Liman a gaba.

Na wuce kai tsaye ɗakin baƙi. Na buga ƙusa a wannan gefen azara, na buga a wancan, na ja zare ya miƙe. Tsakiyar azara ta sauko ta wuce zaren da faɗin tafin hannu, ta yi ciki kamar jakar da anka cika. Na nuna musu inda ta fara tsagewa. Sannan na hau rufi da diga na haƙa daidai kan ƙofa, na ce duk mai ƙafa ya hau ya gani. Yaɓe bisa yaɓe, kowace shekara da launinta, na zura hannu har gwiwa ban taɓa itace ba. Waɗanda sunka hau sunka riƙa faɗa wa Liman daga sama.

Liman ya dubi Alhaji. "Alhaji, kafinta bai gaya maka ba?"

Alhaji ya gyara hula ya ce shekaru sun yi nisa, mutum ba ya riƙe komai. Sai murya ta fito daga bayan danga, Hajiya ce.

"Ya faɗi, Malam! Ina tsaye ya faɗi. Ni ma na tuna mashi ran gayya, ya ce in koma wajen tukunyata."

Liman ya yi dariya har sai da ya dafa bango, da ya tuna bangon wane ɗaki ne kuma ya janye hannu da sauri ya koma tsakar gida. Ya ce, "Ashe laka ta rufe mu, munka ɗauki alhakin bawan Allah." Mutane sunka yi ta maimaitawa, wasu na miƙo mini hannu, har da waɗanda na san bakinsu ya kira ni Mai Tarko.

Alhaji ya jawo hannun rigata gefe, yana murmushin dole. Ya ce, "To Nomau, abin da ya wuce ya wuce. Ƙarfen Abijan na nan na ajiye. Yaushe za ka mayar mini da irin waccan?"

Na zare rigata daga hannunsa, na yi magana yadda kowa zai ji.

"Alhaji, yau ka fid da iyalinka daga ɗakin ga, a tokare azara kafin hadari na gaba. Wannan don yaran da na ga yanzu suna kwana ciki na faɗa, ba don kai ba. Ƙofa kuwa, ka san laka ta, ka ce Nomau na, don kunyar abokanka ta fi maka abincin gidana nauyi. A kasuwa ka ɓata ni, ba a bayan danga ba. Ran kasuwa ka tsaya inda ka tsaya, ka ɗaga murya yadda ka ɗaga ta rannan, ka ce ƙofar Nomau lafiyarta lau, kai ka danne ta. Rumfata ba nisa. In na jiyo ka daga can, sai in ɗauko akwatina."